Gidan da Ya Ci Abincin Muhsina

Tun daga bakin ƙofa Inna Hansai take karɓar ƙunshin. Ba ta ma bari Ramlat ta sauke goyo, sai ta miƙo hannu tana cewa, "Sannu da rana. Kawo in adana, kar yara su gani." Ramlat ta miƙa, to ya za ta yi da uwar miji? Tsohuwa ta shige ɗaki, a ji ƙarar murfin kwalla, shi ke nan. Maganin tamowar da asibiti ya ba Muhsina ya shiga hannun gida.

Ga wanda bai san shi ba, wani abu ne mai danƙo da ake haɗawa da gyaɗa da madara da sukari, a ɗure a 'yan ledoji, a ba yaran da yunwa ta ci har ta zame musu ciwo. Ranar da aka fara ɗaura wa Muhsina igiyar awo a damtse ta faɗa kan ja, malamar asibiti ta ja kunnen Ramlat sosai. Ta ce magani ne, ba alewa ba, na yarinyar ne ita kaɗai, kuma kowace Talata a dawo da ledojin da aka shanye kafin a ba da wasu. Ramlat ta ce to. Da zuciya ɗaya ta ce to ɗin nan, don a lokacin ba ta san abin da ke jiran ta a gida ba.

Muhsina ɗiyar fari ce. Kowa kuwa ya san uwa ta gari ba ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban surukai, ba ta kama sunansa, ba ta rawar jiki a kansa. Ga shi kuma ciki ya ɓulla wa Ramlat tun yarinyar ba ta fara tafiya ba, aka ce kar ta sha ciki, aka fizge ta daga nono rana ɗaya aka kai ta ɗakin kaka yaye. Don haka yarinya tana hannun Inna Hansai, maganin ma yana hannunta. Abin da ya rage wa Ramlat shi ne goyo zuwa asibiti da tsayuwar layi cikin rana.

Gidan kuwa kango ne a bayan garin Batsari, wanda wani bawan Allah ya ba su aro bayan ɓarayin daji sun tashe su daga ƙauyensu can bayan Runka. Sada, yayan mijinta, shi ne babba, kuma yadda suke a gandu can gida haka suka zo nan: tukunya ɗaya, duk abin da ya shigo ya bi ta hannun babba. Gonaki suna can ciyawa ta cinye. Sada yana zaman zaure, ƙanensa Tayyib, mijin Ramlat, yana bin gonakin mutane yana ƙwadago, ranar da aka samu a ci, ranar da ba a samu ba a sha ruwa.

Da farko Ramlat ta zaci ana ba yarinyar. Sai ran nan da hantsi ta fito da tsintsiya ta tarar da Inna Hansai a gindin murhu da ƙwaryar tafasa da aka dafa aka matse, tana yage bakin ledojin da haƙori tana tatsa su a ciki. Surayya, matar Sada, tana gefe tana yanka albasa.

Ramlat ta tsaya, tsintsiya a hannu.

"Inna, wannan ba na yarinyar nan ba ne?"

"Yo gyaɗa ce fa," in ji tsohuwar, ba ta ko ɗago ba. "Ƙuli-ƙuli ya fi ƙarfinmu, ga gyaɗa Allah ya kawo har gida, sai mu ci tafasa gaya? Ita ma ai za ta ci a ciki."

Ta ci ɗin kuwa, loma biyu, ganyen ya bi ta da zawo har la'asar. Kwaɗon ya yi daɗi, ba a ɓoye ba, yaran Surayya har suɗe ƙwarya suka yi. Ramlat ma ta ci, kuma wannan shi ne abin da ya fi ƙona mata rai, don yunwar mai ciki ba ta san kunya ba.

Wannan ma mai sauƙi ne. Mako bai zagayo ba ta ga Sada ya fito daga ɗakin uwarsa aljihun rigarsa ya yi tulu, ya fice, ya dawo da ɗan awon masara a baƙar leda. Ashe ya yi magana da wani mai shayi a tasha, wanda ke shafa wa direbobi abin a burodi. Kuma dubi wayon da talauci ke koya wa mutum: ya yi sharaɗi da mai shayin cewa in an shanye a tara masa ledojin. Ran Litinin da yamma sai ya karɓo su ya miƙa wa Ramlat, a wanke tas, ya ce, "Ga kayan aikinki na gobe."

Ranar Talata kaɗai Muhsina take ganin leda guda cikakkiya. A asibiti sukan yage ɗaya su ba yaro a gabansu don su ga ko yana iya ci. Yarinyar takan riƙe ta da hannu biyu tana zuƙa, tana kallon gefe da gefe kar wani ya ƙwace, har ta lashe bakin ledar.

Wata Talata malamar ta duba igiyar awo, ta duba Ramlat.

"Baiwar Allah, yaran da suka fara tare da ita duk sun bar ja. Kina ba ta kuwa?"

"Ina ba ta."

"Ke da hannunki?"

Ramlat ta sunkuyar da kai ta gyara bakin hijabi. Me za ta ce? Ta tona asirin uwar miji da yayan miji a gaban matan gari, su da ke zaune a kangon aro? Ta ce, "Zawo ne ke hana ta kumari." Malamar ta yi ajiyar zuciya ta ƙara mata gishirin zawo, ta kira ta gaba.

Ta kamo hanyar gida. Ta ratse gindin wata bedi, ta kwance goyo, ta waiga hagu ta waiga dama kamar ɓarauniya, ta yage leda ɗaya ta ba ɗiyarta. Ta soke wasu a ƙugu cikin zani. Subhanallahi! Uwa tana satar maganin ɗiyarta don ta ba ɗiyarta. Kwana biyu tana fakon ido, in tsohuwa ta zaga bayan gida sai ta faɗa ɗakin da sauri ta tatsa wa yarinyar a baki. A kwana biyun nan har Muhsina ta yi ƙoƙarin dafa bango ta miƙe.

Hancin Inna Hansai ya tona ta. Ta ɗauki jikarta ta ji ƙamshin gyaɗa a bakinta, ta kuwa fito tsakar gida tana tafa hannu.

"La'ilaha illallahu! Yau na ga zamani. Ɗiyar fari, Ramlatu? Ɗiyar fari kike bi ɗakina kina yi wa ɗure a ɓoye? Ni da na haifi ubanta ban san yadda ake riƙon yaro ba? Wallahi mu a zamaninmu ko kallon ɗan fari ba ma yi a gaban mutane. Ashe ɓarauniya muke zaune da ita."

Bayan azahar Sada ya sa aka kira ta zaure. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, shi yana kan buzu yana jan carbi, muryarsa a sanyaye kamar mai wa'azi.

"Ramlatu, ba faɗa na kira in yi miki ba. Ki duba gidan nan, baki nawa ne? Wa ya ƙoshi a cikinmu? Su masu rabon abin nan ba su san gandu ba, su a wurinsu kowa da kwanonsa. Mu kuwa ba a haka aka haife mu ba. Leda ɗaya in ta shiga cikin yarinya, ta shiga kenan. In na kai ta tasha, masarar da zan kawo har ita za ta sha kunu. To wanne ya fi? A ceci ɗaya a bar goma?"

"Yaya, sun ce magani ne."

"Magani na Allah ne. Ciwon yarinyar nan shan ciki ne, kowa ya sani, kuma ba ni na yi cikin ba." Ya ɗan yi murmushi. "Ki bar ganin kamar an zalunce ta. Ita Allah ya zaɓa ya biyo da abincin gidan nan ta hannunta. Lada take samu tun tana ƙarama."

Ka ji fa. Mutum ya cinye abincin marar lafiya, sannan ya raba mata lada.

Da Tayyib ya dawo daga ƙwadago da yamma, ƙafafu duk taɓo, ta tare shi a ɗaki tun bai ajiye fartanya ba. Ta ce, "Malam, yarinyar nan ƙarewa take yi, ka yi wa Yaya magana." Ya zauna bakin tabarma ya dafe kai. Ba mugu ba ne Tayyib, kuma ba ƙaunar ɗiyarsa ce ba ya yi ba. Amma tunda aka haife shi bai taɓa ɗaga ido ya dubi Sada ba.

"In ce mashi mi? In ce na fi son ɗiyata da 'ya'yanshi? Ni ma fa ɗiyar farina ce, da wane baki zan yi maganarta gaban Inna? Ki yi haƙuri, kaka ta kusa. In aka fara yankan gero aiki zai samu."

"In ta kai kakar."

"Ki daina mugun baki," in ji shi, ya ɗauki buta ya fita.

Daga ranar Inna Hansai ta ce ita ma za ta riƙa raka su asibiti, wai don ciki ya fara nauyi kar Ramlat ta faɗi a hanya. Matan layi har yaba ta suke yi, suna cewa Allah ya ba su suruka irin wannan. Ana miƙo ƙunshin, hannun tsohuwa ne ke fara isa.

Marka ta kankama, ruwa ba dare ba rana, bangon kangon yana zubowa ɗaya bayan ɗaya. Ramlat ta rasa sukuni. Ta ɗauki tsintsiya ta share inda ta riga ta share. Ta je ƙofar ɗakin Inna kamar mai neman wani abu, ta leƙa, ta dawo. Ta ɗora ruwa a wuta ta manta abin da za ta yi da shi. In ta ji kukan yarinyar sai ta kasa kunne, in kuma ta ji shiru sai ta tashi ta leƙa. Kukan ma ya canza, ya koma wani siririn abu kamar na ɗan akuyar da aka haifa jiya. Gashin kanta ya yi ja ya yi laushi, in an shafa sai ya biyo hannu. Ta daina dafa bango, inda aka ajiye ta nan za a dawo a same ta.

Sai kuma wata safiya ƙafafun Muhsina suka cika. Bayan kwana biyu kumatu suka taso, fata tana sheƙi. Inna Hansai ta fito da ita tsakar gida tana juya ta a rana.

"Ku zo ku ga kishiyata ta murmure! Ina masu cewa ba na ba ta abinci? Ku dubi kumatu, tubarkalla."

Ramlat ma, Allah ya sani, ta so ta yarda. Ta taɓa ƙafar ta ji ta da sanyi kamar randa, amma ta ce wa zuciyarta ai ƙiba ce. Wanda hankalinsa ya tashi shi ne Sada. Ya tsuguna ya kama damtsen yarinyar yana aunawa da yatsu biyu, fuskarsa ta ɓaci.

"Inna, in fa ta cika suka auna ta fita daga ja, sallamar ta za su yi. In suka sallame ta mi za mu ci kafin kaka?"

Tsohuwa ta ce, "To a ɗan rage mata kunun nan kafin Talata."

A gaban Ramlat aka yi maganar nan, ba a ko sassauta murya ba. Surayya tana tankaɗe, ta ci gaba da tankaɗenta. Ramlat ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Inna, don girman Allah," sai tsohuwa ta watsa mata harara ta shige da yarinyar ta saki labule. Lahadi da Litinin ruwa kawai aka ba Muhsina da ɗan tsiyayen kunu. Ba ta ma yi gardama ba, don ta daina neman abinci.

Ran Talata malamar ba ta ko ɗauko igiyar awo ba. Tana ganin yarinyar ta miƙe daga kujera, ta kama ƙafarta ta danna babban yatsa a kai, ta ɗaga. Ramin da yatsan ya yi ya zauna, bai taso ba. Ta yage leda ta kai mata baki, Muhsina ta kawar da kai.

"Inna lillahi. Wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne, ruwa ne ya taru a jikinta. Yarinyar nan ta wuce nan, sai an kwantar da ita a Katsina, yau ɗin nan. Can ba za a karɓi ko sisinku ba, ku dai ku kai ta."

"To a ba mu na wannan makon mu tafi da shi," in ji Inna Hansai.

Malamar ta dube ta, ta daɗe tana duban ta. "Wadda ba ta iya haɗiya za a ba leda, Baba? Can madara za su ba ta ta hanci."

Ramlat ta so ta wuce tasha daga nan, tsohuwa ta ce ba a isa ba, matar aure ba ta barin gari ba da izini ba. Suka dawo gida hannu wofi. Tayyib yana wata gona wajen Darini, ba mai sanin wacce. Sada ya saurari bayani, abin da ya fara tambaya shi ne, "Wato ba su ba da komai ba?" Sannan ya shiga lissafa dalilai. Hanya ba lafiya. Babu kuɗin mota. Asibitin birni in ka shiga da yaro da ƙafarsa a likkafani ake miƙo maka shi. A bari Tayyib ya dawo a yi shawara, gobe ma rana ce. Inna Hansai ta ɗauke yarinyar ta kai ɗaki ta ce za ta jiƙa mata saiwa.

Ramlat ta zauna a ƙofar ɗakinta, ta tashi, ta zauna. Rana ta karkata. Daga ɗakin tsohuwa ba motsi. Can sai ta miƙe ta nufi ɗakin, ta yaye labule ba sallama, ta sunkuci ɗiyarta daga kan gado.

"Ke! Ramlatu! Ɗiyar fari?"

"Ɗiyata ce, Inna. Ni na haife ta."

Ta saɓa ta a baya ta bi ta zaure ta gaban Sada, yana kiran ta bai isa ta waiwayo ba. A tasha ta tsaya gaban wata a-kori-kura da aka loda wa buhunan gawayi za ta Katsina, ta kwance goyo ta nuna wa direban. Mutumin ya duba sau ɗaya ya ce wa yaron motarsa ya koma baya, ya buɗe mata gaba. Bai tambaye ta kuɗi ba.

Ta rungume ta a ƙirji, mota tana faɗawa ramuka tana fita. Tana kiran sunanta a kunne, Muhsina, Muhsina, sunan da ba ta taɓa furtawa da ƙarfi ba sai yau, a gaban baƙon direba. Yarinyar ta buɗe ido sau ɗaya. Ba su kai rabin hanya ba Ramlat ta ji jikin ya saki, ya ƙara nauyi. Direban ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya cire hularsa, ya yi salati. Shi ne ya juyo da su Batsari da gawayinsa da komai.

Aka yi mata sutura kafin magariba. A zaure Sada ne ke karɓar gaisuwa, yana cewa, "Kwana ne ya ƙare. Babu irin ƙoƙarin da ba mu yi ba, kullum tana asibiti." Masu gaisuwa suna cewa Allah ya ba da lada, Allah ya sa mai ceto ce. Tayyib yana gefe ya haɗa kai da gwiwa. Babu wanda ya ɗauki wuƙa, babu wanda ya ɗaga hannu ya doke ta, don haka babu wanda za a kai gaban alƙali. Ɓarayin daji sun kore su daga gona, gaskiya ne, yunwa kuma ta taɓa kowa a gidan. Amma yunwar da ta zo wa gida duka, a kan mafi ƙanƙanta aka sauke ta, wadda ba ta da bakin cewa a'a, aka kuma toshe bakin uwarta da kunya.

Sadakar makoki ta riƙe gidan 'yan kwanaki, maƙwabta suna aiko da tuwo. Da aka share makoki kwanuka suka daina shigowa, murhu ya koma sanyi. Ran Litinin da hantsi mata suna tsakar gida, Ramlat tana jingine da bango ta miƙe ƙafafu, Sadiqa, autar Surayya, ta rarrafo ta wuce ta gaban Inna Hansai. Tsohuwa ta kamo ta, ta ɗora a cinya, ta zagaye damtsenta da yatsu biyu. Ta ɗaga murya yadda na zaure zai ji.

"Wannan ma fa ta rame. Ramlatu, tunda ke malaman suka sani, gobe ki goya ta mu je a auna ta. Ƙila Allah ya sa a dace."

Ramlat ta dubi yarinyar, ta dubi tsohuwar.

"To, Inna. Amma a fara gaya wa Yaya ya sa a haƙa ramin tukuna, kusa da na waccan, tun ƙasar ba ta bushe ba."

Kafin tsohuwa ta buɗe baki Surayya ta yar da rariya, gari ya watse a ƙasa. Ta yi tsalle ɗaya ta fizge ɗiyarta daga cinyar surukarta, ta ƙanƙame ta.

"Wallahi ba da tawa ba! Ba za a yi da tawa ba!"

Daga zaure carbin Sada ya daina ƙara. Ramlat ta zuba wa faccalarta ido, matar da ta yanka albasa a kwaɗon, ta ci gaba da tankaɗe ranar da aka ce a rage kunu. Duk tsawon watannin nan tana lallashin zuciyarta da cewa jahilci ne, ba su gane ba ne.

"Ashe kin sani," in ji ta a hankali. "Ashe duk kun sani."

Babu wanda ya musa.